Ƙafar Irmiya

Duk wanda ya taɓa zama a bencina, a gindin darbejiyar da ke ƙofar kamfanin roba a Sharaɗa, ya ji Irmiya ya faɗi maganar nan ko da sau ɗaya ne: "Bakina yana iya kuskure, amma ƙafata ba ta ƙarya." In zai faɗa sai ya miƙe ƙafar dama ya bubbuga dunduniyarta a ƙasa, don kada wani ya ɗauka ta hagun yake nufi. Mu kuwa sai mu yi dariya, don mun saba ji. Sai da aka yi rigimar wasu jif guda biyu muka gane ba cika baki kawai yake yi ba.

Ni sunana Zakariyya, faci nake yi, kuma na daɗe a gindin bishiyar nan har direbobin unguwar suka mai da ita majalisa. Ƙorafina guda ne a kan majalisar: rabin masu musu a kan mota ba su taɓa zama cikin wadda suke musun a kanta ba. Mutum zai zo a kan keke, ya jingine shi a jikin bishiyata, ya gyara zama ya fara yanke hukunci a kan inji mai fulogi takwas. Irin waɗannan ina jin su ne kawai ina aikina. Amma in Irmiya ya buɗe baki a kan mota, ajiye guduma nake yi in saurara, don shi abin da ya taka yake faɗa.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kano yana saurayi, zamanin da masaƙun Bompai ke busa jiniya safe da yamma, ma'aikata na fitowa a kan kekuna har titi ya toshe. Ya samu aiki a ɗaya daga cikinsu, ya auri Salama, suka kama ɗaki a Panshekara. Da masaƙar ta rufe, abokansa da yawa suka tattara suka koma gida noman citta. Shi ya ce bai zo Kano don ya koma da jakar da ya zo da ita ba. Ya bi motar fatu, ya koyi tuƙi a kanta, har aka danƙa masa makulli.

A nan ƙafar tasa ta yi karatu. Ɗanyar fata ba ta jiran kowa. Ko an barbaɗa mata gishiri, in rana ta dake ta a bayan mota sai ta fara wari, gashin ya fara zuba, masu majema a Challawa su ɗaga ta su yar su ce ba sa so. Don haka daga kasuwannin ƙauye zuwa ƙofar majema, direban fatu da rana yake tsere. Irmiya ya yi shekaru yana wannan tseren bai taɓa buge ko akuya ba, amma ya fito da hali guda: da zarar hanya ta buɗe, ƙafarsa ta riga tunaninsa isa kan totur. Shi da kansa yakan ce ko a coci, in aka tashi daga sujada, shi ne farkon fita ƙofa, duk da cewa dattijon ikilisiya ne.

Hajiya Saudat, ɗaya daga cikin masu kamfanin robar, ita ta raba shi da warin fata. Wata rana ta gan shi ya shigar da babbar mota da baya ta wata ƙuntatacciyar ƙofa a tashi ɗaya, ba tare da kowa ya ce masa "zo, zo" ba. Ta aika a kira shi. Tun daga ranar ya zama direbanta, kuma gidan ya karɓe shi hannu bibbiyu. Kafin magariba ya tashi aiki, kwanonsa na abinci daban, 'ya'yanta Baba suke ce masa, da 'yarsa Albarka za ta yi aure Hajiya da kanta ta je Panshekara ta zauna a cikin mata. Direbobin majalisa sukan ce Irmiya ya faɗa tsakiyar tukunya, shi kuma ba ya musu.

Ɗaya mai kamfanin shi ne Alhaji Ashafa, taubashin Hajiya. Mahaifinsa da mahaifiyarta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyun tun suna yara ba su iya gaisawa ba tare da tsokana ba. Sun girma, sun yi furfura, suna juya kamfani guda, amma halin bai bar su ba. In ta sayi agogo sai ya ce na bogi ne, in ya ɗinka babbar riga sai ta tambaye shi labulen wane ɗaki ya ciro.

Hajiya tana da baƙar jif ƙirar Japan, mai nauyi, mai faɗin ƙirji, ta ɗan kwana biyu amma Irmiya yana riƙe da ita kamar amarya. Sai Alhaji ya je ya sayo fara sol ƙirar Ingila, sabuwa dal, wadda dillalin ya rantse masa babu abin da zai tashi gabanta a Kano. Ranar da aka kawo ta, har masu gadin kamfanonin maƙwabta sai da suka zo kallo. Ni ma na je, na shafa tayar, na ga irin wadda ban taɓa cirewa ba.

Matsalar ta fara ne a danja. Motocin biyu sukan fita tare in za a je sito a Challawa, ko in an tashi za a koma gida Nassarawa. Duk inda danja ta tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, tana ba da hannu sai baƙar ta ɓace, farar kuma ta taso a hankali kamar tana tsoron taka ƙwai. Kafin su kai danja ta gaba wayar Alhaji ta yi ƙara.

"Ashafa, lafiya kuwa?" in ji Hajiya. "Na waiga ban gan ku ba. In aiko a tura ku ne?"

Sau ɗaya abin dariya ne. Kullum kuwa sai ya fara ci wa mutum rai, musamman mutum irin Alhaji Ashafa, mai saurin hawa.

Wanda ke jan farar shi ne Malam Nuru, mutumin Ɗorayi, ɗan gidan malamai, mai farin gemu da ƙaramar murya. Asalinsa direban mahaifin Alhaji ne. Tsohon ya yi doguwar jinya ta ciwon ƙugu, irin wanda ko mota ta ɗan zabura sai ya yi nishi, kuma Malam Nuru ne ya riƙa kai shi asibiti da masallaci har Allah ya karɓi abinsa. A shekarun nan ya koya wa ƙafarsa tashi ba tare da wanda ke baya ya san an tashi ba. Tsoho ya rasu, ƙafa ta ƙi mantawa. Ka ba Malam Nuru jirgin sama ma, a haka zai tashe shi.

Shi da Irmiya kuwa akwai wata yarjejeniya a tsakaninsu wadda ta girmi motocin biyu. Ranar Lahadi Irmiya yana coci, don haka Malam Nuru ne ke kai Hajiya gidajen biki da gaisuwa, tunda Alhaji ba ya fita ranar. Ranar Juma'a kuma Irmiya ne ke jan motar Alhaji, ya sauke shi da Malam Nuru a bakin masallaci, ya tafi ya sha mai, ya dawo ya ɗauke su bayan an idar. Ba wanda ya rubuta wannan, ba wanda ya taɓa saɓawa. Zuwa masallaci cunkoso ne, ba wurin taka mota, shi ya sa Alhaji bai taɓa jin komai ba. Amma lokacin da ake huɗuba titunan Sharaɗa fayau suke, kuma Irmiya shi kaɗai ne a cikin farar. Wanda ya san halin ƙafarsa ba sai an gaya masa abin da ke faruwa ba.

Don haka a duk faɗin Kano mutum ɗaya ne ya san gaskiyar motocin nan biyu. A majalisa an sha tsare shi da tambaya, shi da ba ya rasa amsa a kan kowace mota, amma a kan wannan sai ya ce shayinsa zai huce. Na lura da haka tun da wuri, na kuma gane dalili, na ja bakina na yi shiru.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, farar ta tsaya a ƙofar kamfani, Alhaji ya fito da waya a kunne, fuskarsa a murtuke. Da ganin haka mun san wadda ke kan layin. Ya kashe wayar, ya juyo wajen Irmiya da ke miƙa wa Malam Nuru makulli.

"Irmiya, tsaya. An ce kai kaɗai ne ka taka motocin nan biyu."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To gobe Asabar, bayan la'asar, a Challawa. Za ka ja ta Saudat, ka ja tawa, ina zaune a gefenka. Na gaji. In motar ce ba ta da tashi, ranar Litinin ta koma wajen dillali. In kuwa tana da tashi, to problem ɗin ba na mota ba ne, kuma na san abin da zan yi." Ya hango ni. "Kai mai faci, ka zo da gejinka, a daidaita iskar tayoyin, kada wani ya kawo mini uzuri."

Bai kalli Malam Nuru ba, amma duk wanda ke gindin bishiyar sai da ya kalle shi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Mutum mai farin gemu in aka karɓe masa makulli, wa zai sake ba shi wani? Masu motocin yanzu samari suke nema.

Da majalisa ta watse na ja Irmiya bayan tarin tsofaffin tayoyi.

"Haba Irmiya, abin nan ai mai sauƙi ne," na ce masa. "Ka taka baƙar iyakar ƙarfinka, in ka shiga farar ka ɗan ɗage ƙafa. Wa zai sani? Mota ƙarfe ce, a sayar da ita mana, ba ta da iyali."

Ya kalle ni ya ce, "Zakari, in ya sayar ya sayo wadda ta fi ta fa? Ƙafar Malam Nuru za ta canza? Sai in sake ɗagewa? Mota nawa zan yi wa sharri kafin Alhaji ya gane?"

"Ka dai tsallake ta gobe tukuna."

"Jibi ni zan tsaya gaban jama'a in karanta Littafi. Da wace fuska?"

Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa shi dai sunansa yake ji, yana so a ci gaba da cewa ƙafarsa ba ta ƙarya ko da abokinsa zai koma gida ya zauna. Na faɗi maganganu masu zafi, don ina ƙaunar Malam Nuru, mutumin da bai taɓa wuce rumfata bai yi sallama ba. Irmiya ya bari na gama tsaf, sannan ya dafa kafaɗata yana murmushi, murmushin nan nasa na wanda ya riga ya ga ƙarshen hanya.

"Ka dai zo da gejinka," ya ce.

Akwai wani titi a cikin Challawa, miƙaƙƙe, tsakanin kamfanonin da suka daɗe a rufe, ciyawa ta cinye bakin katangunsu. Ranar Asabar da yamma ko kare ba ya bi. Can aka haɗu. Iska tana kaɗo warin majema daga nesa, Irmiya ya shaƙa ya ce ya tuna gida. Hajiya ta zo da kujerar roba ta kamfaninsu, ta kafa a inuwa, ta ce ta zo ta ga yadda za a yi jana'izar kuɗin taubashinta. Malam Nuru ya tsaya can gefe, hannuwansa a baya.

Na bi tayoyi takwas ɗin nan da geji ɗaya bayan ɗaya. Aka yanke cewa za a tashi daga ƙofar wani rufaffen kamfani, a duba inda allurar maleji ta kai daidai lokacin da aka gifta tiransifomar da ke can gaba. Alhaji ya ce in shiga baya in zama shaida. Ni da na shekara ina durƙuso a gindin motocin nan, ranar na fara sanin yadda cikinsu yake, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi duk da fushin da nake ciki.

Baƙar aka fara. Irmiya ya gyara zama, ya duba madubi, ya saki birki ya taka. Ta yi wani gurnani daga can ƙasa, ta ɗan durƙusa ta baya, ta ɗaga hanci, sannan ta tafi. Tashin mai ƙarfi ne wanda ya san ƙarfinsa: kana jin nauyinta duka yana tafiya tare da kai, kana jin giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace da muryarta. Katangu suka fara gudu a gefe. Da muka gifta tiransifoma Alhaji ya leƙa ya ga inda allura take, ya gyaɗa kai, ya ce ba laifi. Da za mu dawo Irmiya ya bi ta gefen da kwalta ta farfashe da gangan, motar ta haɗiye ramukan nan ba ta ko tauna ba.

Muka koma farar. Na zuba wa ƙafar Irmiya ido ta tsakanin kujeru, ina roƙon Allah ya sa maganata ta jiya ta shige shi. Ya gyara zama kamar ɗazu, ya duba madubi kamar ɗazu, ya taka har ƙasa.

Ita ba ta yi gurnani ba. Ɗan shiru na ƙiftawar ido, sai na ji an manna ni da kujera, hulata ta faɗa baya, cikina ya rage a ƙofar kamfanin da muka baro. Ban ji giya ta shiga ba, ban ji ta fita ba, tafiya ce kawai ɗaya mai ƙaruwa. Na ji wani yana salati da ƙarfi, ashe ni ne. Kafin in gama tiransifoma ta wuce, allura kuwa ta zarce inda ta baƙar ta tsaya da fiye da faɗin yatsu biyu. Irmiya ya taka birki, ta tsaya cak a miƙe ba ta ko karkata ba, ya juya ta a wuri guda kamar ƙaramar mota.

Alhaji yana dukan gwiwarsa yana dariya kamar an ba yaro alewa. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Irmiya, sake!"

"Sau ɗaya ya isa, ranka ya daɗe. Gani ya kori ji."

Muka dawo inda Hajiya take. Alhaji ya sauko yana gyara babbar riga, ya ce Irmiya ya faɗi hukunci da bakinsa, da ƙarfi, yadda kurma ma zai ji.

Irmiya ya tsaya tsakanin motocin biyu. "A tashi, farar ta fi. A wuce tirela a hanya, farar ta fi, nesa ba kusa ba. A kwana da birki ma ta fi. In hanya ta lalace, ko an cika mota da mutane da kaya za a yi doguwar tafiya, ni baƙar zan ɗauka, don ta fi haƙuri. Amma abin da kuka tambaya tashi ne, kuma taku ta fi. Na daɗe da sani."

Ya faɗi haka a gaban motar da ya yi shekaru yana gogewa yana yabo. Ni kuwa na kau da kai don kada in ga fuskar Malam Nuru.

Dariyar Alhaji ta ɗauke a hankali. Ya juya ya dubi dattijon da ke tsaye can gefe, ya ce, "To, Malam Nuru, ka ji dai." Sannan ya miƙa wa Irmiya hannu don ya karɓi makullin farar.

Irmiya bai ba shi ba.

"Ranka ya daɗe, makullin nan ya zauna a hannuna. Motar nan irin ƙafata take so, ku ma irin ƙafata kuke so." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin baƙar, ya je gaban Hajiya ya rusuna, ya ɗora shi a hannun kujerarta. "Hajiya, ku gafarce ni. Tun da aka yi muku aikin baya a asibiti nake ganinku a madubi. Duk tashin da zan yi daga danja sai kun riƙe ƙofa kun cije leɓe. Na yi ƙoƙarin in sassauta, in na yi yau, gobe ƙafar ta koma halinta. Ga wanda ya iya abin da ban iya ba, yana tsaye."

Hajiya ta dubi makullin, sannan ta dube shi.

"Tunda kai ka faɗa da bakinka, Irmiya, bari in faɗa. Ranar Lahadi ce kaɗai nake sauka daga mota ban nemi magani ba. Kunyarka ce ta hana ni magana."

Ina kallon fuskarsa lokacin. Ya san haka ne, shi ya fara faɗa, amma jin ta daga bakinta ya soke shi, na gani ƙarara. Sai ya yi dariya, ya ce ai shi ya sa ya ce ƙafarsa ba ta ƙarya, ko a kansa ne.

"Au!" in ji Alhaji. "Ashe da ciwo kike cin nawa a danja?"

"Cin naka ai ya fi magani," ta ce. Sannan ta sauke murya. "Ashafa, ƙafar da kake shirin sallama ita ta ɗauki Kawu har ya koma ga Allah bai yi nishi a mota ba. In ba ka so, ni ina so."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Mutum ne mai zafi, amma ba mugu ba ne. Ya dubi Irmiya ya ce, "Ka san aikina kuwa? Ni ba Saudat ba ne. Yau Kaduna, gobe Abuja, jibi Maraɗi, ba sanarwa. Ba ni da lokacin tashi. Kuma ina da faɗa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Na yi aiki da ɗanyar fata, ita ma ba ta da haƙuri. Abu ɗaya ne: Lahadi tawa ce. In fita ta kama ku ranar, sai ku yi haƙuri da Malam Nuru."

Alhaji ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce ya ji ya yarda. Hajiya ta ɗauki makullin ta miƙa wa Malam Nuru. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya zai yi wa Irmiya godiya. Irmiya ya ce masa ya bari, ya dai riƙa duba ruwan batir, kuma ƙofar baya ta hagu ba ta son a buga ta. Ni kuma na je na ɗauko hulata daga bayan farar, na zo na tsaya kusa da Irmiya, shi kuwa bai tuna mini da maganganun jiya ba.

Yanzu in danja ta ba da hannu farar ce ke ɓacewa, kuma wayar Hajiya ce ke ƙara. An ce takan ɗauka ta ce wa Alhaji ya yi ta gudu, sito ba ya tashi daga inda yake. Irmiya ya ɗan rame. Yakan yi kwanaki bai zauna a bencina ba, Salama ta taɓa tsayawa a rumfata ta yi mini ƙorafin cewa tuwonsa ya fi kwana a kwano. Babu kwano na daban a gidan Alhaji, babu mai ce masa Baba. Amma in ya zo yana nan yadda yake, da ƙarar muryarsa da bubbuga dunduniyarsa, yana ba mu labarin tirelolin da ya wuce a hanyar Zariya. Na taɓa tambayarsa ko yana kewar baƙar. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce sosai.

Kwanan baya da yamma yana zaune yana shan shayi, sai ga baƙar ta taho daga Challawa, ta gangaro gindin bishiya a hankali ta tsaya, Malam Nuru ya sauke gilashi ya yi mini alama in duba masa tayar baya. Kafin in tashi Irmiya ya riga ni. Ya ciro hankicinsa ya goge madubin gefe, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, sannan ya leƙa ciki ya tsaya. Na zo na leƙa ni ma. Hajiya ce a kujerar baya, ta jingina kai, mayafinta ya ɗan zame, tana barci.

Na juya zan tayar da injin iska, ya riƙe mini hannu.

"Bari, Zakari," ya ce a hankali. "Tayar za ta kai gida. Duk shekarun da na yi ina jan ta, ban taɓa ganin ta yi barci a motar nan ba."

Ya yi wa Malam Nuru alama ya wuce. Muna tsaye baƙar ta tashi, ba mu ji tashinta ba.